Kofu Da Nirasaki: Bin Sawun Nakata A Ƙasar Haihuwarsa

Duk Bahaushen da ya haura shekara arba'in, kuma ya taɓa zaman bencin gidan kallo a farkon ƙarnin nan, in aka ce ya ambaci ɗan ƙwallon Japan guda ɗaya, da wuya bakinsa ya wuce Hidetoshi Nakata. A wancan zamani sunan nan ya tsaya mana a madadin ƙasa guda. In ana zancen mota a ce Toyota, in ana zancen rediyo a ce Sony, in kuwa tamaula ce sai a ce Nakata. Saboda haka da wani taron malaman jami'a ya kai ni birnin Tokyo a watan Oktoban bara, sai na ware kwana biyu na nufi jihar Yamanashi, mahaifarsa, da tambaya guda a raina: sunan da ya ratsa teku da sahara har ya iso unguwanninmu, wane nauyi gare shi a gidansu, shekaru bayan mai shi ya rataye takalma?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tambayar ta ɗan kallo ce kawai. Kowace al'umma tana da waɗanda take ɗagawa, da waɗanda take saukewa, da waɗanda ba ta taɓa jin sunansu ba alhali tana cin moriyar guminsu. Yadda take rarraba wannan daraja yana faɗin halinta fiye da abin da take faɗa da bakinta. Na zaɓi Nakata ne domin labarinsa ya kammala a fili, an san ranar farawarsa da ranar tsayawarsa, ga shi kuma da ransa yana kallon yadda duniya ke yi da sunansa.

Alaƙarmu da shi ta girmi gidajen kallo. A 1993 Japan ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Najeriya ta lashe bayan ta doke Ghana a wasan ƙarshe. A kan hanyar zuwa can, su Nwankwo Kanu da Wilson Oruma sun fitar da masu masaukin baƙi da ci 2 da 1 a zagayen 'yan takwas, kuma cikin yaran da suka sha kashi akwai wani ɗan shekara 16 daga garin Kofu. Bayan shekara uku aka sake haɗuwa a gasar Olamfik ta Atlanta. Japan ta girgiza duniya da ta ci Birazil 1 da nema a Miami, amma da ta gamu da tawagar su Tijjani Babangida da Garba Lawal sai ta sha 2 da nema, Jay-Jay Okocha ne ya rufe da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ƙasashe uku suka tashi da maki shida shida a rukunin, bambancin ƙwallaye ya kori Japan, mu kuma muka wuce har muka ɗauko zinare. Ƙaddara ba ta gama da mutanen biyu ba, domin a kakar 2005 zuwa 2006 Okocha da Nakata sun sa riga ɗaya a Bolton ta Ingila, ƙarƙashin Sam Allardyce. Wannan ce kakarsa ta ƙarshe a kulob.

A Tokyo na fara aune-aune. Birni ne da fuskokin shahararru ke bin mutum duk inda ya sa ƙafa: a jikin jirgin ƙasa, a bangon shaguna, a kan injinan sayar da abin sha da ke kowace kusurwa. Fuskar da ta fi kowace yawa ta Shohei Ohtani ce, gwanin wasan besbol, wato wasan nan na jifan ƙaramar ƙwallo a make ta da kulki, wanda Japanawa suka riƙa tun kafin su riƙi ƙwallon ƙafa. A ƙarshen 2023 ƙungiyar Dodgers ta Amurka ta ɗauke shi a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Na tsaya a gaban wani ƙaton allo ina tunanin cewa da za a sauke mutumin nan a tsakiyar Kantin Kwari ranar Asabar, zai ratsa kasuwar daga farko har ƙarshe ba wanda zai waiwaya, sai dai masu kiran ciniki. Wannan shi ne darasin farko: shahara tana da iyaka kamar gona, kuma iyakarta ba ta bin girman mai ita.

Da aka tashi daga zaman taro, na sami damar hira da wasu ɗalibai da ke taimaka wa baƙi, dukkansu 'yan shekara ashirin da kaɗan. Na ambaci sunan Nakata. Ba wanda ya ce bai taɓa ji ba, amma amsoshin sun bambanta da abin da ɗan gidan kallo zai zata. Wata ta ce ai shi ne mutumin nan mai iya sa tufafi da ke yawon ƙauyuka yana tallata kayan gargajiya. Wani ya ce mahaifinsa na yawan zancensa. Ɗaya kaɗai ya kawo maganar Roma, shi ma ya ce a intanet ya ga ƙwallon. Da na nemi su faɗi nasu gwanayen, sai sunaye suka zubo: Kaoru Mitoma, Takefusa Kubo, Wataru Endo. Lissafi ne mai sauƙi. Yaron da aka haifa a 2003 yana da shekara uku lokacin da Nakata ya bar fili. Abin da ya buɗe ido ya gani shi ne Japan tana doke Jamus da Sifaniya a Ƙatar a 2022. Hausawa sun ce sarki goma zamani goma.

Washegari da sassafe, ni da wani abokin aiki ɗan ƙasar, wanda ya yi mini karamcin rakiya da tafinta, muka shiga jirgin Kaiji a tashar Shinjuku, tashar da aka ce babu wadda ta fi ta cunkoso a duniya. Tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce zuwa yamma. Rabin awa na farko gidaje ne a jere ba ɓaraka, kamar birnin ba zai ƙare ba. Daga nan sai tsaunuka suka rufo, jirgin ya dinga kutsawa cikin ramukan da aka fafe a cikin dutse, ya fita wannan ya faɗa wancan, tsakaninsu kwazazzabai masu duhun itatuwa da koramu masu gudu. Can bayan wani dogon rami, kwatsam sai ƙasa ta buɗe. Ga wani faffaɗan kwari a ƙasa kamar akushi, duwatsu sun yi masa zobe, gangaren gefensa duk rumfunan inabi ne. Wannan shi ne kwarin Kofu. Yamanashi ba ta da gaɓar teku, arzikinta inabi ne da sauran 'ya'yan itatuwa, da ruwan duwatsu. Daga kudu, in sararin sama ya washe, kan dutsen Fuji mai tsawon mita 3,776 yana leƙowa ta bayan 'yan'uwansa.

Kofu gari ne matsakaici, mutanensa ba su kai dubu 200 ba. A nan aka haifi Nakata ranar 22 ga Janairun 1977. Amma wanda ya tarbe mu a ƙofar tashar jirgi wani ne daban. Wani ƙasurgumin mutum-mutumi ne na tagulla, a zaune cikin sulke, ƙafafu a buɗe, mahuci na yaƙi a hannunsa, fuska a murtuke. Shi ne Takeda Shingen, sarkin yaƙin da ya mulki wannan yanki a ƙarni na 16, ya rasu a 1573. Mahaifinsa ne ya kafa garin a 1519. Daga tashar, wata miƙaƙƙiyar hanya tana haurawa arewa zuwa kufan fadarsu, inda aka gina wurin bauta da sunansa a 1919. Kowace shekara ana bikin tunawa da shi, mutane fiye da dubu su yi shigar mayaƙa su ratsa gari, abin da ya tuna mini da hawan Daushe. Sunansa na kan kayan zaƙin da ake saye a kai tsaraba. Har madatsar da aka gina a zamaninsa don hana kogin Kamanashi ambaliya, sunansa take amsawa, kuma manoma na cin moriyarta har yau.

Ƙungiyar ƙwallon garin ma a inuwarsa take. Sunanta Ventforet, an haɗa shi ne daga kalmomin Faransanci biyu, iska da daji, waɗanda aka ɗauko daga taken tutar yaƙin Shingen mai ambaton iska da daji da wuta da dutse. Tutocinta masu shuɗi da ja suna rataye a titunan kasuwa. A 2022, tana rukuni na biyu, ta lashe Kofin Sarkin Japan bayan ta doke Sanfrecce Hiroshima a bugun fenariti, kuma wannan dare shi ne abin da mutanen Kofu ke ba da labari da walwala. Nakata bai taɓa buga mata ba. Daga makarantar sakandare ya wuce Bellmare ta garin Hiratsuka a 1995, daga can sai Turai. Kowa ya bar gida, in ji masu iya magana, gida ya bar shi.

Mun ci abincin rana a wani ƙaramin gidan abinci kusa da tashar. Abincin yankin shi ne hoto, faffaɗar taliya mai kauri da ake dafawa da kabewa da ganye a cikin romon waken suya, a kawo ta tana tafasa a tukunyar ƙarfe. Na roƙi a yi mini da kayan lambu zalla. Mai gidan abincin, dattijuwa mai fara'a, da ta ji daga Najeriya nake sai ta tafa hannu ta ce, "Utaka!" Tana nufin Peter Utaka, ɗan wasan gabanmu da ya raba kambin cin ƙwallaye na babbar gasar Japan a 2016, daga baya kuma ya buga wa Ventforet. A wajen wannan baiwar Allah, shi ne fuskar ƙasarmu, gaba da Kanu da Okocha, alhali a gida sai masu bin ƙwallo sau da ƙafa ne za su tuna shi. Da abokina ya tambaye ta Nakata, sai ta ɗan sunkuyar da kai cikin girmamawa ta ce, "Hide ai ɗanmu ne, sensei, amma tun yana yaro ya zama na duniya." Sensei shi ne abin da suke kiran malami, Hide kuma shi ne sunan da Japanawa ke kiransa da shi. Babu ɗaci a maganarta. Ta faɗe ta ne kamar yadda uwa ke zancen ɗan da ya yi nisan zango.

Kafin a yi wa mutanen Kofu hukunci, ya kamata a tuna abin da yaron ya yi. Gasar ƙwararru ta Japan a watan Mayun 1993 aka fara ta. A watan Oktoban shekarar, ƙwallon da Iraƙi ta farke a daƙiƙun ƙarshe a Doha ta hana su zuwa gasar cin kofin duniya. Bayan shekara huɗu, ranar 16 ga Nuwamban 1997, suka kara da Iran a Johor Bahru ta Malesiya, wanda ya ci ya tafi Faransa. Japan ta yi nasara 3 da 2 a ƙarin lokaci, kuma duk ƙwallayen ukun ta ƙafar Nakata suka biyo, yana ɗan shekara ashirin. Wannan ne karon farko da ƙasar ta sami gurbi. An zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Asiya a 1997 da 1998. Daga Faransa, inda ya fito da gashi rinanne kowa na nuna shi, sai Perugia ta Italiya ta saye shi, a lokacin da babu gasar da ta kai ta Italiya tsada da wuya. Masu shakka sun ce don a sayar da riguna aka kawo shi. A wasansa na farko ya zura wa Juventus ƙwallo biyu, ya kuma gama kakar da goma.

Ranar da ta fi kowace zama a zukatan masu kallo ita ce 6 ga Mayun 2001. Roma, wadda ya koma a farkon 2000, ta je gidan Juventus a Turin, ana ci 2 da nema a kanta. Koci Fabio Capello ya fitar da kyaftin Francesco Totti, ɗan lelen birnin Rum, ya sako Nakata. Ya ɗirka wata daga nesa ta shige. Ana dab da tashi ya sake ɗirka wata, mai tsaron gida Edwin van der Sar ya amayar, Vincenzo Montella ya ƙarasa. Aka tashi biyu da biyu. A ƙarshen kakar Roma ta ɗauki kofin da tazarar maki biyu kacal a kan Juventus, kuma tun daga lokacin ba ta sake ɗauka ba. Kuɗin da Parma ta biya ta ɗauke shi a bazarar shekarar ya kafa tarihi ga ɗan wasan Asiya, tarihin da ya tsaya har 2015, sa'ad da Son Heung-min na Koriya ta Kudu ya koma Tottenham. A 2004 Pele ya sa shi cikin jerin manyan 'yan wasan duniya da ke raye.

To me ya sa wannan duka bai hana sunan dusashewa a kunnen matasa ba? A ganina dalilin yana cikin nasarar tasa. Shahararsa ta kai inda ta kai ne domin a zamaninsa shi kaɗai ne a fage. Duk ƙasar da idonta a kansa take kwana, 'yan jarida na bin sa Italiya garke-garke, masu yawon buɗe ido na cika wani ɓangare na filin Perugia. Da ya nuna cewa ɗan Japan zai iya riƙe tsakiyar fili a Turai, sai ƙofa ta buɗe. Shunsuke Nakamura ya yi suna a Celtic, Shinji Kagawa a Dortmund da Manchester United, Keisuke Honda ya sa lamba goma a Milan, Shinji Okazaki ya ci kofin Firimiya da Leicester a 2016. Yau 'yan Japan a ƙungiyoyin Turai sun fi ƙarfin a ƙirga da yatsu. Wanda ya share hanya, in ayari ya biyo ta, ƙurar ayarin ce ke fara rufe sawunsa.

Shi ma ɗin haka ya yi wa na gabansa. Yasuhiko Okudera ya je Köln ta Jamus a 1977, shekarar da aka haifi Nakata, ya kuma ci kofin ƙasar a shekarar da ta biyo. Kunishige Kamamoto ya fi kowa cin ƙwallaye a Olamfik ta Meziko a 1968, inda Japan ta samu tagulla, kuma uku daga cikin ƙwallayensa a ragar Najeriya ya zuba su. Mu nawa ne muka san waɗannan sunaye? Sun yi wasa kafin tauraron ɗan Adam ya kawo hoto kowane lungu. Nakata ya zo daidai lokacin da faranti ya hau rufin gidajen kallo, sai ya shiga idonmu. Ashe wani kaso na abin da muke kira shahara rabon zamani ne. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

A rana ta biyu muka ƙara gaba zuwa Nirasaki, tafiyar kamar kwata awa a jirgin da ke tsayawa kowace tasha. Ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai dubu 30 ba, a kwance ƙarƙashin wani dogon gangaren dutse, kogi ta nan kogi ta can, ga manyan tsaunuka a yamma sun tokare sama. Garin yana kiran kansa garin ƙwallo, kuma a dandalin tashar akwai mutum-mutumin 'yan wasa. Tushen wannan kirari shi ne babbar sakandaren garin, mai koren riguna, wadda ta sha kaiwa wasan ƙarshe a gasar makarantu ta ƙasa. A nan Nakata ya yi karatu. Direban tasin da ya ɗauke mu, dattijo mai farar safar hannu, ya ce ya ga wasansa yana ɗalibi, ya kuma tuna shi da bugun ƙwallo mai ƙarfi wadda sai abokin wasa ya yi gudu da gaske kafin ya cim mata. Amma da ya ji mu malaman jami'a ne, bai ko tambaye mu ba ya karya kan mota ya haye gada. Ya ce duk baƙon da ya zo Nirasaki, gidan Omura-sensei ake kai shi.

Satoshi Omura ɗan manoma ne na wannan gari, an haife shi a 1935, kuma makarantar da ta yaye Nakata ita ta yaye shi. Ya fara aiki a matsayin malamin makarantar dare a Tokyo, daga baya ya zama mai binciken ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa a cibiyar Kitasato. Cikin ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf a jihar Shizuoka ya gano wata ƙwayar halitta, ya aika wa kamfanin Merck na Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka fitar da maganin da ya zama ivermectin. A 2015 su biyun suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci da Tu Youyou ta ƙasar Sin. A gefen ƙauyensu ya gina gidan adana zane-zane, ya cika shi da ayyukan da ya tara, mafi yawansu na mata masu zane, sannan ya mallaka wa garin. Daga tagar benen ana hango kwarin gaba ɗaya, da gonakin shinkafa da aka girbe.

A nan ne tafiyar ta juyo ta dube ni. Wannan magani shi ne Mectizan, ƙananan fararen ƙwayoyin da ake rabawa kyauta tun 1987 domin yaƙi da makantar bakin kogi, cutar da wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ke yaɗawa, da kuma ciwon tundurmi. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bakin kogi a Kaduna ko Neja ko Bauchi ko Taraba ya san mai rabon nan da ke zuwa da sandar awon tsayi, ya jingina ta a jikin mutum, ya ƙirga masa ƙwayoyi daidai tsayinsa. Kafin zuwan maganin, akwai ƙauyukan da yaro ke jan dattijo da sanda, aka bar gonakin fadama saboda tsoron makanta. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar. Miliyoyin mutanenmu sun haɗiyi aikin ɗan Nirasaki, idanunsu suka tsira. Makaranta ɗaya ta fitar da mutum biyu: ɗaya ya ba mu abin kallo, ɗaya ya taimaka aka tsare mana idon kallon. Na farko muna kiran sunansa kamar ɗan unguwa. Na biyu ko a ɗakunan malaman jami'o'inmu sai an tona kafin a sami wanda ya san shi.

Ban kawo wannan don in rage wa Nakata daraja ba, domin alamu sun nuna shi da kansa ya riga kowa fahimtar abin da shahara take. Ranar 22 ga Yunin 2006, a Dortmund, Birazil ta lallasa Japan 4 da 1 ta fitar da ita daga gasar cin kofin duniya. Kowa ya watse, shi kuwa ya kwanta a tsakiyar fili, riga a kan fuskarsa, ya daɗe bai motsa ba. Ranar 3 ga Yuli ya sanar da cewa ya daina, yana da shekara 29, bayan wasa 77 da ƙwallo 11 a rigar ƙasarsa, da halartar gasar duniya uku. Bai jira benci ya kore shi ba, bai koma koci ba, bai zauna teburin sharhi ba. Ya ɗauki jaka ya shiga duniya, ya yi shekaru yana yawo. Daga 2009 kuma ya juya ga ƙasarsa, ya bi jihohinta 47 ɗaya bayan ɗaya, yana zama da manoma da maƙera da magina tukwane da masu noman shayi da masu dafa giyar shinkafa da suke kira sake, har ya kafa kamfanin tallata ta a 2015. Ko mutum bai yarda da kowace haja da ya ɗauka ba, akwai abin lura a tsarin: ya ɗauki sunan da ƙafa ta samo masa, ya mai da shi fitilar haska masu sana'ar hannu waɗanda ba su da suna. Kazuyoshi Miura, wanda ya girme shi da shekara goma, ya bi wata hanyar, ya ci gaba da buga ƙwallo har ya haura hamsin. Kowannensu ya ba da amsarsa ga tambayar da ke jiran duk wanda aka taɓa yi wa tafi.

In aka tambaye ni yau ko Nakata shahararre ne, zan ce sai an faɗa mini a ina, a wajen wa, kuma da me. A Rum, a bakin magoya bayan da suka ga 2001, gwarzon dare ɗaya ne da ba a mantawa. A Bolton baƙo ne da ya ci ƙwallo ɗaya a Firimiya ya wuce. A Tokyo dattawa na tuna ɗan wasa, matasa na ganin ɗan kasuwa. A Kofu yana bayan wani sarkin yaƙi da ya mutu shekara 450 da suka wuce, a Nirasaki yana raba gari da masanin kimiyya. A wajenmu kuwa yana nan yadda muka bar shi, matashi mai rinannen gashi, domin mu ba mu ga tsufansa ba. Suna ajiya ce a hannun masu tunawa, kuma kowane mai ajiya da irin ma'ajinsa. Abin da ya rage a wuyanmu, musamman mu da muke tsayawa gaban allo, shi ne mu duba waɗanne sunaye muke miƙa wa yara. Babu laifi su san wanda ya farke wa Roma ƙwallo a Turin. Amma ɗalibin da kakarsa ta tsira da idonta ya cancanci a gaya masa daga wane gari maganin ya samo asali.

Da yamma, kafin jirgin komawa, mun bi ta gefen makarantar. Ta bayan shinge ana jin ƙarar ƙwallo da kiraye-kirayen yara, inuwar tsaunuka ta riga ta rufe rabin filin. Suna ta maimaita ba-ni-in-ba-ka cikin natsuwa, ba mai kallonsu sai mu biyu da wani tsoho a kan keke. Watakila a cikinsu akwai wanda za a yi ta kiran sunansa a gidajen kallon Kano da Maraɗi nan da shekara goma. Watakila kuma wanda zai fi amfanar mu yana can cikin ginin, a ɗakin gwaje-gwaje, yana wanke kwalabe.